Kafin ka sa dokar karyewar takobi, saurara

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka ɗauko D&D bugu na biyar, wato wasan nan na labari da ake bugawa a teburi da dayis, za ka lanƙwasa shi ya dace da labarinka na fatake da mahara, kuma kana so duk wanda dayis ya ba shi 1 makaminsa ya karye ko ya sari kansa, wai don wasa ya yi armashi. Don girman Allah dakata. Wannan dokar ce ta raba ni da teburin da na fi ƙauna.

Mayaƙi nake bugawa, na kai mataki na 11, sara uku nake yi a kowane zagaye. Muna tsakiyar faɗa, ban ji ba ban gani ba, na jefa 1, sai mai jan wasanmu ya ce takobina ya kakkarye. Na ce tun yaushe? Ya ce tun yanzu. Takobin nan na gado ne a cikin labarin, shi da kansa ya sa na rubuta tarihinsa shafi guda. Yana faɗa yana dariya har da buga tebur, sauran suka sunkuyar da kai suna latsa waya. Shi kuwa amininsa matsafi ko a jikinsa, don in ya saki Fireball, tsafin ƙwallon wuta, ba shi ke jefa dayis ɗin hari ba, abokan gaba ne ke jefawa su tsira. Ka ga dokar ba ta shafe shi ba ke nan.

Na zauna na yi masa lissafi a takarda. Dayis mai fuska 20, damar fitowar 1 kashi 5 cikin 100 ce. Mai sara uku kuwa tasa ta kai wajen kashi 14 a kowane zagaye. Wato ƙwarewarka na ƙaruwa, shirmenka na ƙaruwa, sabon shiga ya fi gwani riƙe makami. A littafin dokokin wasan ma 1 kuskuren sara ce kawai, ba ƙari. Ko kallon takardar bai yi ba, ya ce shi ke jan wasa, magana ta ƙare. Daga baya suka sauya ranar haɗuwa ba a gaya mini ba. Har yau abin na ci mini rai, wallahi.

To, kai dai duk abin da za ka canza, rubuta shi ka ba kowa kafin a zauna, kada doka ta faɗo a tsakiyar faɗa. Sunaye kuwa canza son ranka, ka mai da doki raƙumi, ka mai da sulke lifidi, lambobin na nan yadda suke, babu abin da zai rushe. Lambobin ne ake taɓawa da tsoro. Ƙarin ƙwarewa, wato lambar da ake ƙara wa abin da dayis ya ba ka, a bugu na biyar daga +2 yake farawa ya tsaya a +6, saboda haka in ka fara rabon +3 kamar goro, nan da nan ba wanda zai ƙara kuskure. Gara ka ce mutum ya jefa dayis biyu ya ɗauki babban, dama haka tsarin yake.

Tafiyar ayari kuma, duba littafin mai jan wasa na 2014, akwai zaɓin da gajeren hutu yake awa 8, dogon hutu kwana 7. Ya yi daidai da hanyar sahara ƙwarai, sai dai matsafa za su ji jiki, don galibi sai da dogon hutu tsafinsu ke dawowa, ka faɗa musu tun kafin su zaɓa.

In kuma abin da kake nema shi ne a ci nasara amma a biya wani abu, leƙa wasan Apocalypse World na 2010. Dayis biyu masu fuska 6, in aka samu 7 zuwa 9 an yi nasara da tsada. Wani lokacin ba gyara D&D ke buƙata ba, wani wasan kake so.

Mutum nawa ne a teburinka, kuma akwai mai buga mayaƙi? In akwai, shi za ka fara nuna wa takardar dokokin.