Bitar Yini Ta Hana Ni Barci

Tambaya: Anti, barka da aiki. Na ji ana cewa yana da kyau mutum ya duba yadda ya yi yininsa kafin ya kwanta. Wata biyu ke nan ina gwadawa, amma da na sa haƙarƙarina a katifa sai laifuffukana su jeru: tsawar da na daka wa ɗana, aikin da ban ƙarasa ba, har da wata baƙar magana da na gaya wa ƙawata tun bara. Wani lokacin ƙarfe biyu na dare ta yi idona biyu. Gari ya waye kuma in sake maimaita halin jiya. In daina ne?

*Wata uwa mai 'ya'ya uku*

Amsa: Ƙanwata, kada ki daina, amma ki sauko daga kan gadon. Abin da kike yi saƙa da warwara ce. Kin buɗe kotu cikin duhu, ke ce alƙali, ke ce mai ƙara, ba lauya, ba ranar tashi. Wa zai yi barci a haka?

Shi wannan aiki daɗaɗɗe ne. Malamai suna kiransa muhasaba, wato yi wa kai hisabi, har an yi wani malami a Bagadaza, Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a 857 Miladiyya, da ya samo laƙabinsa daga yawan yin hakan. Amma duba kalmar da kyau: hisabi lissafi ne. Mai lissafi yana rubuta riba, ya rubuta asara, ya ja layi, ya rufe littafi. Ke asarar kawai kike ƙirgawa, littafin kuma a buɗe yake kwana. Seneca, masanin falsafar nan na Rum da ya mutu a shekara ta 65, ya ce idan an ɗauke fitila, matarsa ta yi shiru, yakan bi yininsa daki-daki ba ya ɓoye wa kansa komai. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake rufewa: ya gargaɗi kansa kada ya ƙara, sannan ya yafe wa kansa na yau.

Ni ma na sha irin wahalarki, sai da na koma rubutawa. Ina da wani ɗan littafi mai shuɗin bango, ina zama da shi a kujera minti goma, kafin barci ya fara fizgata. Abu guda da na ji daɗinsa, abu guda da na ɓata, sai abin da zan fara yi gobe. Kuma ban yarda in rubuta "ni muguwar uwa ce" ba, don wannan zagi ne, ba a gyara komai da shi. Sai dai in rubuta: "Ƙarfe shida na yi wa autana tsawa saboda ya zubar da ruwa." Bayan mako uku na waiwayi shafukan, sai kunya ta kama ni. Kusan duk tsawar a lokaci guda take faɗowa, ina shigowa daga aiki, waya a hannu ina amsa saƙo. Ashe yaron ba shi da laifin kirki. Yanzu wayar tana zama cikin jaka rabin sa'a bayan na shigo. Ban zama waliyyiya ba, amma gidan ya lafa.

Layin nan na "gobe" kada ki raina shi, shi ne maganin idonki biyu. A 2018 masu bincike a Jami'ar Baylor ta Amurka sun wallafa gwajin da suka yi wa mutum 57. Waɗanda suka ɗauki minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun yi barci kimanin minti tara kafin waɗanda suka rubuta ayyukan da suka riga suka gama. Mutanen ba su da yawa, amma abin ya yi daidai da abin da na gani: abin da takarda ta riƙe, zuciya takan sake shi.

Idan kuma bayan duk wannan barcin ya ƙi makonni a jere, ga ƙunci da rashin walwala da rana, to ya wuce aikin littafi, ki ga likita.

Ita kuwa maganar bara, ba ta cikin lissafin yau. Shekara guda tana bin ki gado saboda bashi ce ba ki biya ba. Rubuta sunan ƙawar taki a layin gobe, in kin tashi ki kira ta.