Shin Yabon Jama'a Shi Ne Ma'aunin Daɗin Wasan Bidiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na tara kuɗi na sayi wasan Elden Ring saboda yadda abokaina da mutanen intanet suke ta zuzuta shi, amma yau mako uku ke nan ina fama ban ji daɗin da suke faɗa ba, har na fara zargin kaina da rashin iya wasa. Shin in daure in ci gaba tun da kowa yana yabonsa, ko kuwa ɗokin jama'a bai kamata ya shafi yadda nake jin wasa ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da farko ina so ka cire zargin kai daga zuciyarka, domin yabon da aka yi wa wannan wasa gaskiya ne, kuma rashin jin daɗin da kake yi shi ma gaskiya ne. Kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar da Elden Ring a watan Fabrairun 2022, ya kuma lashe kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards na wannan shekarar. Sai dai an gina shi ne a kan wahala da gangan. Babu wurin da za ka zaɓi mataki mai sauƙi, kuma da zarar ka fito fili a farkon wasan za ka tarar da wani barde a kan doki, sanye da sulke mai ruwan zinare, wanda yake kashe sabon ɗan wasa da sara biyu ko uku. An ajiye shi a nan ne don ya koya maka kaucewa, ka tafi ka yi ƙarfi sannan ka dawo. Wanda yake jin daɗin a kayar da shi sau ashirin kafin ya yi nasara a na ashirin da ɗaya, wannan wasa nasa ne. Wanda kuwa ya dawo daga aiki a gajiye, yana da sa'a ɗaya kafin a ɗauke wuta, yana da cikakken uzuri idan ya ga abin ya zame masa wani sabon aiki.

Abin da ake kira ɗokin jama'a ba iri ɗaya ba ne, kuma rarrabe shi yana da amfani. Akwai wanda yake zuwa kafin wasa ya fito, wanda talla ce take hura wutarsa, kuma shi ne mafi haɗari ga aljihu. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya shafe shekaru yana tallata Cyberpunk 2077, har ya fito da jarumi Keanu Reeves a dandalin baje kolin E3 a 2019, mutane kimanin miliyan 8 suka biya kuɗi tun kafin su taɓa shi. Da wasan ya fito ranar 10 ga Disamban 2020, matsalolinsa a kan PlayStation 4 sun yi yawa har kamfanin Sony, mai ƙera na'urar, ya cire shi daga shagonsa na intanet ya mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai a watan Yunin 2021. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Abin lura kuma shi ne, da iskar ta juya, sai jama'a suka koma la'antarsa da irin ƙarfin da suka yabe shi, ta yadda wasu da suka yi shi a kan kwamfuta mai ƙarfi suka ji daɗinsa sai da suka riƙa jin kunyar faɗa. Wani wasan mai suna No Man's Sky ya bi irin wannan hanya a 2016, kafin masu shi su gyara shi da ƙare-ƙare na kyauta shekara bayan shekara.

Naka lamarin daban ne, domin yabon Elden Ring ya fito ne daga bakin waɗanda suka yi wasan. Irin wannan yabo shaida ce mai nauyi cewa aikin yana da inganci, amma shaida ce a kan abin da ya dace da su. Masu ɗaga murya a intanet galibi tsofaffin magoya bayan kamfanin FromSoftware ne, waɗanda suka goge tun zamanin wasansa Dark Souls na 2011, kuma waɗanda suka ajiye wasan bayan kwana biyu ba su cika yin rubutu a kai ba, shi ya sa kake ganin kamar kai kaɗai ne.

Ba zan ce ɗokin jama'a ba shi da wani matsayi ba. Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem ana buga ƙwallon PES, ana ihu ana karɓar fad hannu zuwa hannu, ya san cewa rabin daɗin daga mutanen yake fitowa. Idan abin da kake nema shi ne hira da abokanka a kan wasa ɗaya, wannan buƙata ce ta halal, kuma Elden Ring yana ba da damar ka kira aboki ta intanet ya taya ka yaƙar abokin gaba mai wuya. Ina ba ka shawara ka gwada hakan sau ɗaya ko biyu, ka kuma bar wurin da ka maƙale ka nufi kudu da inda aka fara wasan a taswirar, inda abokan gaba suka fi sauƙi. Idan bayan haka har yanzu kana kunna na'urar ne da nauyin zuciya, mako uku sun ishe ka hujja, sai ka yi musayar faifan da wani idan faifai ka saya.

Don gaba, ka ari wasa ko ka kalli rabin sa'a na yadda ake buga shi a YouTube, ba bidiyon talla ba, kafin ka fitar da kuɗi. Idan kuma a kwamfuta kake wasa, dandalin sayar da wasanni na Steam yana mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga wasan fiye da sa'a 2 ba.