Kada ka goge kunkunniyar nan

Ka tambaye ni ko zanen yatsa yana tsira bayan gobara. Yana tsira mana, yaro, fiye da yadda kake zato. Sau da yawa kunkunniyar da ta lulluɓe kwalba ko mariƙin ƙofa ita ce take kare shi daga zafi.

Amma ka fama mini tsohon miki. Akwai wani sito da aka cinna wa wuta, mai gadi ya ƙone a ciki, aka tura ni binciken hujja. Kwana biyu ina durƙushe cikin toka da ruwan 'yan kwana-kwana ina tono, domin zafi sama yake yi, abin da ɓaraguzai suka danne shi ke kuɓuta. A bayan ƙofa na ci karo da gwangwanin fetur, baƙi ƙirin, murfinsa yashe a gefe. Da na haska tocila a karkace, sai ga layukan babban yatsa suna leƙowa ta ƙarƙashin baƙin. Na bar shi wajen yaron da aka haɗa ni da shi, na fita kiran mai hoto. Ban yi minti goma ba. Ina dawowa na tarar ya sa tsumma ya goge shi tas, wai yana son karanta rubutun jikinsa! Tokar da na ce ya ɗiba a bakin ƙofa kuma ya zuba ta a leda. Kafin ta isa ɗakin gwaji tururin fetur ya sulale. A kotu lauya ya ce in nuna hujja, na tsaya hannu rabbana. Wanda ake tuhuma ya fita yana murmushi, matar mai gadin tana zaune a baya tana kallona. Har yau ban yafe wa yaron nan ba.

Killace wuri, safar hannu da hoto ba sai na koya maka ba. Kunkunniya ɗaga ta ake yi: burushi mai laushi, ko salatif, ko ka shafa ruwan roba ya bushe ka ɓare. Toka kuwa sai gwangwanin ƙarfe sabo mai rufuwa ruf. Takardar da ta jiƙe kada ka ɓata ninhaidirin a kanta, wato sinadarin da ke fito da zanen yatsa a takarda, ruwa ya riga ya wanke abin da yake kamawa a cikin zufa. Maiƙon yatsa za ka bi, shi ruwa bai cika wanke shi ba. Gilashi da roba, in sun bushe, hayaƙin gam ɗin sufa gulu ke fito da zanen. Tagulla ma kada ka raina ta: a 2008 John Bond, wani masanin binciken laifuka na Ingila, ya nuna gishirin zufa yana cin jikinta, zafi kuma yana ƙara kafa zanen.

Ku yaran yanzu komai nan take kuke so, ido na kan waya, hannu na kan hujja. A wajena, duk abin da ka tsinta baƙi, ka ja hannunka baya ka kira ni.