Shin aikin nas allura ne kawai?

Ƙanwata, kin ce kina son shiga makarantar koyon jinya, amma ana gaya miki aikin bai wuce allura da miƙa magani ba. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwana a asibiti ba.

Likita yakan zo zagaye ya wuce, nas ce ke tare da majinyaci dare da rana. Ita ke ƙirga bugun jijiya, wanda ga babba yake tsakanin 60 da 100 a minti. In ya kauce, ita za ta fara gani. Tsohon da ba ya iya motsi kuwa, sai an riƙa juya shi duk bayan awa 2, in ba haka ba gyambo ya fito masa a kwankwaso da diddige, kuma wallahi jinyar wannan gyambon akwai wuya.

Kafin ki ba da ko ƙwaya ɗaya, ki tabbatar da mai ita, da sunan maganin, da yawansa, da lokacinsa, da hanyar ba shi, sannan ki rubuta. Sirrin majinyaci kuma amana ne, ko a gida ba a faɗa.

Lasisi daga Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya yake fitowa, bayan kin ci jarrabawarta.