Amsa: Kwikwiyo mai kuka a keji da dare

Malam, ka ce kwikwiyonka ɗan wata uku yana hana ka barci da kuka a keji. Fara zargin fitsari. A waɗannan watannin ba ya riƙe fitsari fiye da awa 3 zuwa 4. Ɗauke ruwa awa 2 kafin kwanciya, ka fitar da shi da tsakar dare ya yi fitsari, ba wasa ba surutu, ka mayar da shi.

In ya yi fitsarin bai daina ba, kaɗaici ne. Matso da kejin kusa da gadonka, ka lulluɓe gefe uku da mayafi mara kauri. Kada ka buɗe yana cikin kuka, jira ya yi shiru tukuna, in ba haka ba zai gane kuka ke buɗe ƙofa. Tsawa ma kulawa ce a wurinsa.

In da gudawa ko amai, sai likitan dabbobi.