Tambaya da Amsa: Loreena McKennitt, Mawaƙiyar da Ta Riƙe Linzamin Kanta

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zuwa Istanbul sarin kaya. A wani shago a can na ji muryar wata mace tana waƙa da Turanci, amma kiɗan da ke bin ta ya yi kama da na Larabawa, kuma mai shagon ya rubuta mini sunanta a takarda, Loreena McKennitt. Wace ce ita, kuma me ya haɗa Baturiya da wannan kiɗa? (Daga mai karatu a Kano)

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kunnenka bai yaudare ka ba. 'Yar Kanada ce, an haife ta a shekarar 1957 a wani ƙaramin garin manoma mai suna Morden a lardin Manitoba, kuma kakanninta mutanen Ailan da Sikotilan ne. Tana yarinya burinta ta zama likitar dabbobi, sai kiɗan gargajiyar Keltawa da ta ji a birnin Winnipeg ya juya mata akala. Keltawa su ne al'ummomin da harsunansu suka rage a yau a gefen yammacin Turai, wato Ailan, Sikotilan, Wales, Kwanwol, tsibirin Man da yankin Biritani na ƙasar Faransa, kuma da yawa daga cikin waƙoƙinsu na rabuwa ne da kewar gida, domin yunwar da ta afka wa Ailan daga 1845 ta kori jama'a masu ɗimbin yawa zuwa Amurka da Kanada. Kayan kiɗan da aka fi saninta da shi shi ne harp, wani katako mai kusurwa uku da aka ɗaure wa tsirkiya talatin da wani abu, ana jingina shi a kafaɗa a riƙa tsinkar sa da yatsun hannu biyu. Wanda ya san kora ta mutanen Mali da Gambiya ya san ɗan'uwansa na nesa.

Abin da ya kai ta gabas kuwa ya faru ne a 1991, lokacin da ta ziyarci wani babban baje kolin kayan tarihin Keltawa a birnin Venis na Italiya. A can ta gane cewa mutanen da ta ɗauka 'yan tsibiri ne sun taɓa bazuwa daga Sifen har tsakiyar Turkiyya, inda wasu ƙabilunsu suka ƙetara a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, suka zauna a kewayen Ankara ta yau, aka kira yankin Galatiya. Daga nan ta ɗauki wata ɗabi'a da ba ta sake bari ba: kafin ta shiga ɗakin naɗar waƙa, sai ta yi karatu mai zurfi, sannan ta ɗaura jaka ta je ta ga wurin da idonta, tana rubuta abin da ta gani a littafin tafiya, kuma guntayen wannan rubutu ne take bugawa a takardar da ke cikin kowane faifai.

Kundinta na 1994, The Mask and Mirror, ya fito ne daga yawon da ta yi a Sifen da Maroko tana bin sawun zamanin Andalus, lokacin da Musulmi da Kirista da Yahudawa suka yi zaman ƙasa ɗaya. Ta sauka a Marakish a watan Maris na 1993, cikin azumin Ramadan, ta kama masauki a bakin kasuwa, kuma hayaniyar wannan kasuwa ta dare ce ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin kundin. Duk wanda ya san yadda gari yake farkawa bayan an sha ruwa zai gane abin da ya kama zuciyarta. A ƙarshen 1995 kuma ta shiga jirgin ƙasan da ke ratsa Saberiya a tsakiyar hunturu, kan layin dogo mai tsawon kilomita fiye da 9,000, wannan tafiya tana cikin abin da ya haifar da The Book of Secrets a 1997, kundin da ya fi dukan sauran kasuwa. Ina kyautata zaton abin da ka ji a Istanbul daga An Ancient Muse ne na 2006, domin a cikinsa ne ta fi jingina da Turkiyya da Girka da tsohuwar hanyar fataken siliki, kuma a nan ake jin udu da ƙanun, kayan kiɗa masu tsirkiya na Larabawa da Turkawa, suna amsa wa gogen Turawa.

Akwai masu sukar irin wannan aiki da cewa ɗiban kayan wasu ne a yi ado da su, kuma ba na raina wannan suka, domin mun sha ganin an yi wa kiɗan Afirka haka. Abin da ya sa na ware ta shi ne, tana kiran makaɗan da suka gaji kayan su kaɗa da hannunsu, tana rubuta sunayensu, tana kuma faɗin inda ta samo kowane abu.

TAMBAYA: Shin har yanzu tana fitar da sababbin waƙoƙi, tana kuma yawon wasa? (Daga mai karatu a Damagaram)

AMSA: Malama, tana yi. A 2018 ta fitar da Lost Souls, a shekarar da ta biyo baya ta zagaya Turai da shi har ta yi wasa a babban zauren Royal Albert da ke Landan. A 2024 kuma ta fitar da The Road Back Home, wanda aka naɗa kai tsaye a ƙananan bukukuwan kiɗan gargajiya na lardin Ontario da ke Kanada a bazarar 2023, inda ta koma kan tsofaffin waƙoƙin da ta fara koya tun tana budurwa. Rangadinta ba aikin mutum ɗaya ba ne, ayari ne na makaɗa da masu haɗa sauti da haske da manyan motocin kaya, yau a wannan ƙasa gobe a waccan. Wasu daga cikin abokan tafiyarta, irin su Brian Hughes mai jita da Hugh Marsh mai goge da Caroline Lavelle mai babban goge, sun shafe shekaru da dama tare da ita, abin da ba kasafai ake gani a wannan sana'a ba.

TAMBAYA: Malam, ni matashin mawaƙi ne, wani kamfani ya yi mini tayin kwantiragi amma zai mallake waƙoƙina gaba ɗaya. Na ji an ce wannan mata ba ta taɓa zama a ƙarƙashin kowa ba. Gaskiya ne, kuma ta yaya ta yi? (Daga mai karatu a Jos)

AMSA: Ɗana, gaskiya ne, amma ka saurari yadda abin ya faru kafin ka yanke shawara. A 1981 ta koma garin Stratford na Ontario tana aiki a gidan wasan kwaikwayo. A 1985 ta ranci dala 10,000 a wurin danginta, ta naɗi kundinta na farko, Elemental, cikin kusan mako guda a wani ɗakin naɗa da aka yi a rumbun gona, ta kuma kafa kamfaninta da ta kira Quinlan Road. Sannan ta riƙa loda harp ɗinta a mota ta nufi kasuwar St. Lawrence da ke Toronto, ta zauna a kan hanyar masu cefane tana kaɗawa, kaset-kaset suna gefenta, wanda ya tsaya ya saya ta rubuta adireshinsa domin ta sanar da shi in ta yi sabon abu. Ita ce mai waƙa, ita ce mai lissafi, ita ce mai kai saƙo gidan waya. Ta yi shekara shida a haka, ta fitar da kundi uku, har ta san da bakinta nawa ake kashewa a kan kowane kaset da nawa yake dawowa.

Saboda haka a 1991, da ta zauna da babban kamfanin faifai na Warner, ba a matsayin mai neman taimako ta je ba, da masu saurarenta a hannu ta je. Yarjejeniyar da suka ƙulla ta rarraba faifai ce, su kai kasuwannin duniya su ɗauki kasonsu, amma asalin naɗin ya zauna mallakarta, kuma ita ke biyan kuɗin aikinta, ita ke yanke abin da za a rera. A kan wannan tsari ta sayar da faifai fiye da miliyan 14.

Amfanin wannan mallaka ya fito fili a ranar baƙin ciki. A watan Yuli na 1998, tana tsakiyar ganiyarta, wanda za ta aura ya rasu a hatsarin kwalekwale a gaɓar Georgian ta tafkin Huron, tare da ɗan'uwansa da wani abokinsu. Ta janye daga fage, ta kafa asusun tallafa wa aikin ceto da kiyaye haɗari a ruwa, ta zuba masa kuɗin kundin da aka naɗa a wasanninta na Paris da Toronto, kuma ba ta sake fitar da sabon kundi na ɗakin naɗa ba sai 2006. Mawaƙin da ke ɗaure da kwantiragin kundi biyar ba zai samu wannan sarari ba, komai zafin abin da ya same shi. Da ta dawo, a fadar Alhamra ta birnin Granada da ke Sifen ta yi wasa a watan Satumba na 2006. Haka kuma a 2018 ta rufe shafinta na Facebook mai mabiya fiye da rabin miliyan saboda damuwa da yadda ake sarrafa bayanan jama'a, ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Ba zan ɓoye maka cewa zamaninta ya taimake ta ba, domin a lokacin ana sayen kaset da faifai da kuɗi hannu, yanzu kuwa abin da manhajojin sauraro ke biya a kan kowace waƙa bai taka kara ya karya ba, ga kuma masu tura waƙa a waya da ka fi ni sanin ɓarnarsu. Shawarata ita ce kada ka sa hannu a wannan takarda yadda take. Ka kai ta wurin lauyan da ya san dokar haƙƙin mallaka, ka nemi a mayar da ita yarjejeniyar rarrabawa mai wa'adi, shekara uku ko biyar, a kuma rubuta ƙarara cewa in wa'adin ya cika asalin naɗin zai dawo hannunka. Idan sun ƙi, ka tambaye su nawa suke tsammanin samu a kan waƙoƙin, ka rubuto mana amsar da suka ba ka.