Amsa ga mai tambaya kan tabon da ya fito wa mahaifiyarta bayan gashin sankarar mama

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya ba Mama lafiya. Kin ce an yi mata aikin sankarar mama da gashi (wato gasa wurin da hasken na'ura don kashe cutar) shekaru takwas da suka wuce, yanzu wani tabo ya fito a wurin kamar kwanciyar jini, likita kuma ya ambaci anjiyosakoma. Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu cutar daji, bari in faɗa miki abin da na sani.

Wannan daji ne da ke tasowa daga shimfiɗar cikin jijiyoyin jini. Ba kasafai ake ganinsa ba, amma yana da saurin yaɗuwa. Ya fi fitowa a fatar kan tsofaffi, sai wurin da aka taɓa gasawa, yawanci bayan shekaru 5 zuwa 10, sai hannun da ya daɗe a kumbure bayan an cire kaluluwar hammata. Wannan na ƙarshen tun 1948 likitoci biyu, Stewart da Treves, suka bayyana shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake yaudarar mutane. A baƙar fata tabon ba ya yin ja, duhu kawai yake yi, da farko kuma sau da yawa babu ciwo. Sai a ce buguwa ce, a yi ta shafa man zafi wata da watanni. Na ga waɗanda aka kai wa wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, jini ya ƙi tsayawa. Don Allah kada aska ta taɓa wurin.

Ido ba ya tabbatar da cutar, hoto ma haka. Sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji, an kuma yi masa rini na musamman da ke neman alamomi irin su CD31 da ERG. Ki tambaya ko an yi wannan rinin, domin da shi ake bambanta ta da wasu cututtukan, amma dajin fata na Kaposi wanda ya fi ta yawa a ƙasashenmu sai an ƙara da rinin da ke neman ƙwayar cutar HHV-8 kafin a bambanta su. Idan an tabbatar, za a yi hoton CT na ƙirji, saboda huhu ta fi saurin kamawa.

Idan ba ta bazu ba, tiyata ce babban magani, kuma mai faɗi ake yi. Kada ki firgita in an ce za a cire nonon duka tare da fatar da aka gasa. Cutar tana rarrafe ƙarƙashin fata fiye da inda ake gani, kuma tana yawan dawowa. Akwai kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, an fi amfani da paclitaxel mako-mako ko doxorubicin. Na farkon yana sa yatsu su riƙa yin dindiris, na biyun sai an duba zuciya kafin a fara.

Ki nemi takardar tura ta asibitin da ke da sashen daji, kamar na koyarwa da ke Shika ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, ki tafi da duk takardun gashin da aka yi mata a baya. Cikin makon nan, kada ku jira a gama shawarar dangi. In numfashi ya yi mata wuya farat ɗaya, ko jini ya ɓalle, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.